Shekarar da Baba Murmushi Ya Fasa Ganin Fure

Akwai wani mai ɗaukar hoto da ke da shago a bakin titi, tsakanin mai faci da mai kantin magani. Duk unguwa Baba Murmushi ake ce masa, domin ba ya danna kyamara sai ya ce, "To, ɗan murmushi mana, ai ba kotu ka zo ba."

Ba zan ɓoye muku ba, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, mijina ne. Shekara talatin da huɗu muka yi tare, bara Allah ya karɓi abinsa. Kada kowa ya ɓata fuska. Yau ba kuka na tara ku mu yi ba, labarin nan dariya ta fi yawa a cikinsa.

A cikin shagon akwai wani labule da ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto. Zanen itatuwa ne da suka yi fure ruwan hoda, ko ganye ɗaya babu a jikinsu, ga wani dutse can baya da farin abu a kansa. Kullum idan yana kakkaɓe labulen sai ya ce min, "Manaja, kin san wurin nan akwai shi da gaske? Can gabashin duniya yake. Wata rana da idona zan gan shi."

Manaja yake ce min, don ni ke riƙe da makullin shago da jakar maganinsa.

Ni kuwa sai in ce, "Ka fara gano inda ka ajiye tabarau ɗinka tukuna."

Sai ga shi Allah ya kai autarmu ƙasar. Karatun jinya ta yi, ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a can. Tare da mijinta suka tafi, makanikin injin jirgin ruwa, dogon mutum mai kunya, wanda in zai shigo ɗakinmu sai ya sunkuya. Shekara uku ba mu ga Auta ba sai a waya.

Wata safiya, a farkon watan biyu, ta kira mu muryarta har rawa take yi don murna.

"Baba, Mama, takardunku sun fito! Tikiti biyu, kwana talatin. Amma fa tafiya ɗaya ce, sai ku zaɓi lokacin da kuke so."

Mun riga mun san tana da ciki, na fari, kuma likita ya ce watan bakwai za ta haihu. Don haka ban ko yi tunani ba na ce, "Watan bakwai za mu zo."

Ta ce, "Haba Mama, kada ki damu da ni. Mijina yana nan, ni kaina ma'aikaciyar jinya ce. Ki bar Baba ya zo ya ga furensa."

Baba Murmushi kuwa na ga yana shafa gemu yana kallon silin. Na san wannan kallon.

Kafin azahar labari ya kai kunnen ƙanena, wanda yara ke kira Kawu Na-Sani. Sau biyu ya taɓa zuwa can yankin saro kayan gyaran waya, tun daga nan babu abin da bai sani ba a duniya. Ko kan ka ke ciwo sai ya gaya maka yadda mutanen can ke yi da nasu.

Ya shigo shago, ya ture min jaka daga kan benci, ya zauna, ya jawo wani tsohon ambulan ya ja layi huɗu a bayansa.

"Ku saurara, mutanen ƙauye. Ƙasar nan yanayi huɗu gare ta. Akwai lokacin ƙanƙara, wannan ba naku ba ne, Yaya da gwiwar nan tata sai dai a dawo mana da ita a daskare. Akwai lokacin da ganye ke yin ja, shi ma ba laifi. Akwai lokacin fure, ƙarshen watan uku zuwa farkon na huɗu, shi ne sarki. Kwana goma kawai furen ke yi ya zube, duniya kaf can take tafiya."

Na ce, "Watan bakwai fa?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Watan bakwai? Ruwa daga sama, gumi daga jiki. Ka yi wanka, kafin ka sa riga kana buƙatar wani. Su kansu masu ƙasar haƙuri suke ba juna a lokacin. Wanda ya san ciwon kansa ba ya zuwa."

Maigida ya ce, "Kai da ka je, ka ga furen?"

"Ni harka ta kai ni, ba kallon bishiya ba. Amma na sani."

Aka tsayar da ƙarshen watan uku. Ni dai raina bai kwanta ba, amma mutumin nan shekara talatin yana mafarkin abu ɗaya, ban iya tsaya masa a gaba ba. Ya fito da kyamarorinsa ya goge, ya kai takalminsa aka sa masa sabuwar dunduniya. Duk wanda ya zo hoton fasfo sai ya sha labarin fure kafin a sallame shi.

Bayan mako guda Auta ta turo mana hotonta. Tana tsaye a ɗakinta, ta dafa ɗan cikinta da ya fara fitowa. Ta rubuta a ƙasa: "Surukinku ne ya ɗauka, yana gaishe ku."

Baba Murmushi ya ce wannan sai an wanke shi babba an sa a firam. Shi kuwa yana da wata ɗabi'a ta aiki. Ba ya wanke hoto sai ya buɗe shi a kwamfuta ya faɗaɗa shi, ya bi shi kusurwa kusurwa yana share ɗigo da tabo. Ko hoton katin makaranta ne haka yake masa.

Da safe ne, ina sharar ƙofar shago, na ji ya ce, "Manaja, ajiye tsintsiyar nan ki zo."

Na zo na tsaya a bayansa.

"Me kika gani?"

"'Yata na gani, ta yi ƙiba, ma sha Allah."

"Ke dai ba a banza kika ƙi koyon sana'ar nan ba. Dubi da kyau. Hoton nan daga ƙasa aka ɗauke shi, daidai tsayin kujera. Mijinta da ke gaisawa da fanka, shi zai ɗauki hoto daga nan?"

Ya matsa da hoton gefe. Akwai wani kabad mai gilashi a bayanta. Ya faɗaɗa gilashin, sai ga inuwar waya an jingine ta da gwangwanin madara a kan kujera. Babu kowa a bayan wayar.

Ya gangara bakin ƙofa, inda suke jera takalma. Ƙafa uku, duk na mata.

Sannan ya dawo kan fuskarta ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan murmushin fasfo ne. Baki ya yi, ido bai yi ba."

Nan take ya kira ta. Safiyarmu yammacinsu ne, ta dawo daga aiki ke nan.

"Auta, ba ni surukina mu gaisa."

"Ya ɗan fita, Baba."

"Shekaranjiya ma ya ɗan fita. Wancan makon ma yana wanka. Mutumin nan kifi ne?"

Ta yi 'yar dariya.

Ya ce, "'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake leƙen fuskokin mutane ta ɗan rami. Na san wanda ya ci jarrabawa, na san wanda aka kora daga aiki ya zo hoton neman wani. Ina mijinki?"

Sai ta fashe da kuka. Ashe tun farkon shekara kamfaninsu ya tura shi teku, kuma jirgin ba zai dawo ba sai watan tara. Ita kaɗai ce a ɗakin.

Na karɓe wayar. "To ranar haihuwa wa zai kai ki asibiti?"

"Zan kira tasi, Mama."

"Wa zai riƙe miki jaka? Wa zai dafa miki ko ruwan zafi in kin dawo?"

Can ta ce, "Tun ina yarinya nake jin Baba yana maganar furen nan. Shi ne abu ɗaya da zan iya yi masa. Don Allah kada ku canza."

Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take ya haƙura ba. Mutum ne. Kwana biyu yana haɗa shayi yana mantawa da shi har ya huce. Na ce masa, "To mu tambaya ko za a raba tafiyar, kai ka je furenka, ni in je haihuwa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke da kika ɓata a asibitin da kika haihu sau huɗu? Ke za ki canza jirgi biyu ke kaɗai?"

Rana ta uku ya sa hularsa ya tafi ofishin masu tikiti. Da ya dawo ya ajiye takardar a gabana. Watan bakwai.

Kawu Na-Sani da ya ji, har shago ya zo da gudu.

"Yaya, me kika ba mutumin nan ya ci? Fure fa! Sau ɗaya a rayuwa! Haihuwa kuwa kullum yi ake. Nan gaba ba sai su kawo muku jaririn ba?"

Maigida yana goge gilashin kyamara, bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗan ƙanena, furen nan yana da masu zuwa ganinsa, kai ka ce duniya kaf. 'Yata ba ta da kowa."

"To ka sayi lema goma."

"Ka ara min taka, tunda ka sani."

Jama'a, gaskiya ɗaya zan faɗa a kan ƙanena: a maganar ruwa bai yi ƙarya ba. Mun sauka ana ruwa. Muna fitowa daga filin jirgi wani ɗumi ya rufe mu kamar an buɗe murfin tukunya. Baba Murmushi ya zaro kyamara zai ɗauki hoton farko, gilashin ya yi hazo fari fat. Tabarau ɗinsa ma haka. Yana tsaye yana lalube, sai ga Auta ta taho da ƙaton cikinta tana tafiya kamar agwagwa, ta faɗa jikinsa.

Ya cire tabarau ya dube ta. Ya ce, "Yawwa. Wannan shi ne murmushi."

Ɗakinta a hawa na biyu yake, ƙarami ne, in ka yi miƙa sai ka nemi gafarar bango. Wanki ba ya bushewa, muka rataye shi a ko'ina, muna ratsawa a sunkuye. Shara kuma kala-kala ce, kowace da ranar fitar da ita, Auta ta manna mana takarda a jikin firij. Ranar farko maigida ya shiga banɗaki ya tarar da maɓallai sun fi na kwamfutarsa yawa. Ya danna ɗaya don ya gani. Muka ji ihu. Ya fito rigarsa sharkaf yana cewa, "Ƙasar nan ko a ɗaka ruwa bai ƙyale mutum ba!" Auta ta yi dariya har sai da na ce ta zauna kada ta haihu a tsaye.

Kullum da hantsi muna raka ta tattaki a bakin wani kogi, kowa da lemarsa. Wata rana ta nuna wasu itatuwa da ke jere, kore shar, ruwa na ɗiga daga ganyensu.

Ta ce a hankali, "Baba, ga itatuwan furenka."

Na saci kallonsa. Ya tsaya ya dube su sama da ƙasa, ya ɗaga musu hula. "Sannunku. An ce min kun iya kwalliya. Ni ne dai na zo ranar wanki."

A ƙasan benen akwai wasu tsofaffi biyu, mata da miji. Matar a keken guragu take. Kullum mijin zai turo ta bakin ƙofa, ya riƙe mata lema, su zauna suna kallon ruwa. Auta ta ce tsohon direban tasi ne, shekara arba'in yana tuƙi kafin ya ajiye. Shekara uku tana gidan, gaisuwar kai kawai ke haɗa su.

Baba Murmushi kuwa ba ya ganin fuska ya wuce. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Ya nuna kyamara, ya nuna su, ya ɗan rusuna. Tsoho ya girgiza hannu alamar a'a. Maigida ya ja bakinsa da yatsu biyu ya ce da Hausa, "Ɗan murmushi mana, ai ba kotu kuka zo ba." Ban san me tsohuwar ta fahimta ba, sai ta tuntsire da dariya, mijin ya juya yana kallonta. Daidai nan maigida ya danna kyamara.

Auta ta kai shi wani kanti mai injin wanke hoto. Ya wanke, ya sayi ɗan firam, ya kai musu. Tsohuwar ta riƙe hoton da hannu biyu tana share ido. Ta gaya wa Auta cewa tun da ta kwanta ciwo ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba, ta ɗauka ta daina kyau. Daga ranar, kullum sai mun tarar da 'ya'yan itace a leda a rataye a ƙofarmu. Maigida da tsoho kuma suka zama abokan zama. Awa guda za su yi a kan benci, wannan na Hausa, wancan na yarensa, kowa na gyaɗa kai.

Na ce, "Me kuke cewa ne?"

Ya ce, "Ƙarar matanmu muke kai wa juna."

Ranarmu ta goma sha tara aka tashi da ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba. Iska na kaɗa taga, talabijin na ta nuna taswira da jan launi. Da tsakar rana ina yanka albasa, na ji Auta ta ce, "Mama." Yadda ta faɗa kawai ya ishe ni. Saura kwana takwas a lissafin likita, amma naƙuda ba ta duba takarda.

Ta kira tasi, babu. Jiragen ƙasa sun tsaya. Ta kira motar asibiti, aka ce ruwa ya cika hanyar ƙarƙashin gada, za su zo amma sai sun zagayo, ba su san yaushe ba. Ta durƙusa ta riƙe gefen gado, gumi na zuba. Ita da ke kwantar wa marasa lafiya hankali, sai ga ta tana cewa, "Mama, tsoro nake ji."

Ban ga fitar maigida ba. Ashe ya sauka ba takalmi, ya buga ƙofar tsoho. Daga baya ya nuna mana yadda ya yi bayani: ya zana ƙaton ciki a gabansa da hannu, ya riƙe ƙugu ya yi nishi, sannan ya murza sitiyari a iska. Nan take tsoho ya ɗauko makullin mota.

Motarsa 'yar ƙarama ce, a rufe da tamfol. Ni da Auta a baya, kanta a cinyata. Baba Murmushi a gaba, rungume da jakar haihuwa, yana ta addu'a da ƙarfi. Tsohon nan bai bi babban titi ba ko sau ɗaya. Ya shiga lungu, ya fita lungu, ya hau wata unguwa ta kan tudu, ya ratsa bayan wata makaranta. Duk inda ruwa ke taruwa a garin nan ya san shi. Ko gilashin gaba ba na gani, shi kuwa yana tuƙi a natse kamar mai zuwa sayen burodi.

Minti arba'in da shigarmu asibiti ta haihu. Mace.

Da nas ta fito da ita a naɗe, ta miƙa wa kakanta. Mutumin da ya ɗauki hoton jariran unguwa guda, ranar ko hoto ɗaya bai ɗauka ba. Na ce, "Ina kyamarar?" Ya ce, "Manaja, na baro ta a gida." Tun da na san shi bai taɓa fita ba ita ba. Ya zauna a benci da jaririya a ƙirji, ƙafarsa ba takalmi, tsoho na gefensa yana leƙe, su biyu suna ta hawaye suna dariya.

Washegari mijin Auta ya samu damar kiran mu daga tsakiyar teku. "Baba, na gode" kawai yake ta maimaitawa. Maigida ya ce, "Ka daina kuka kada ka ƙara wa tekun ruwa. Ga 'yarka, dogayen ƙafafunka ta kwaso, Allah ya ba ta haƙuri."

Kwana goma da suka rage, maigida ke goyon jaririyar a kafaɗa yana zagaya ɗan ɗakin nan a ƙarƙashin wanki. Kafin mu taho, tsohuwar ƙasa ta sa Auta ta yi mata alkawarin za ta riƙa sauko mata da jaririyar kullum. Mun bar 'yarmu da mutane.

Da muka dawo, Kawu Na-Sani ne farkon zuwa.

"To, 'yan yawon duniya, a nuna mana abin da aka gano."

Maigida ya buɗe masa kwamfuta. Hoto ɗari shida. Jaririya na barci, jaririya na hamma, ƙafar jaririya, kunnen jaririya, tsofaffi biyu da lema.

"Ina ƙasar take? Duk wannan ai a ɗakin Yaya ma sai a ɗauka!"

Ya ci gaba da dannawa yana mita. Can na ga ya tsaya a kan wani, inda ta damƙe yatsan kakanta. Ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan... a wanke min guda. Ƙarami dai."

Wata shida bayan nan, a watan biyu, Baba Murmushi ya kwanta kwana uku, Allah ya ɗauke shi. Ko furen shekara ta gaba bai kai ba. Da ya bi lissafin yanayi, da ya ga itatuwa, amma da bai taɓa ɗaukar jikarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ƙanena har yanzu Na-Sani ne, wannan sai dai haƙuri. Amma kwanan baya ina zaune a shagonsa wani mutum ya zo ya ce zai tafi can gabas, wane lokaci ya fi daɗin zuwa? Na ga ya jawo takarda zai ja layinsa huɗu. Sai ya ajiye biron.

Ya ce, "Tsaya tukuna. Wa gare ka a can?"

Darasi: Kafin ka tambayi wane wata ne ya fi kyau a wata ƙasa, ka tambayi wane wata ne naka ya fi buƙatarka. Wanda ke ce maka "ina lafiya, kada ka damu" wani lokaci don ya sauƙaƙa maka ne, ka duba shi da kyau. Kuma kada ka raina ɗan alherin da za ka yi wa maƙwabci ko ba ka jin yarensa. Idan kana da wani a nesa, kira shi yau. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, ku kuma sa Baba Murmushi a addu'a.